Kafin Kawunki Bello Ya Buga Hatimi

Zuwa ga ɗiyata Rabi'atu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar wanda kika baro ɗazu a ƙofar gida yana ta faɗa da mai babur kan yadda ya ɗaure jaka, don kada a lura da idonsa. Na ce wa innarki ta cusa takardar nan ƙarƙashin kilishi. Na san halinki, ba za ki taɓa kilishin ba sai mota ta bar Jega ta wuce Maiyama, kuma a lokacin kin yi nisan da ba za ki ce wa direba ya tsaya ki dawo Aliero ki yi mini gardama ba. Allah Ya sauke ku Legas lafiya, Ya tsare ku daga ramin hanya, da mugun mutum, da direban da ya yi wa matarsa alkawarin dawowa da wuri.

Da daɗewa, tun kina goye a bayan innarki, na ji wata magana a tashar Jega da ban yarda da ita ba. Muna zaune bisa buhunan albasa muna jiran lodi, sai wani direba da ake ce wa Na-Allah ya ce wai akwai makarantu, a Turai har ma da Legas, inda ake zaunar da baligi kan kujera a koya masa kasuwanci da alli. Muka yi dariya. Ya ce mu dakata, ba a zo wurin dariyar ba tukuna. Wai in ka je neman shiga, ba su cika damuwa da ribar da ka taɓa ci ba, sai su ce ka ba su labarin asarar da ka tafka da hannunka, da abin da ka yi bayanta. Wanda ba shi da irin wannan labari, wai sai a ce ya je ya dawo. To, Na-Allah shi ne mutumin da ya taɓa rantse mana cewa ya ga giwar ruwa a Yauri wadda sai da aka raba ta mota biyu. Saboda haka na ɗauki maganar makarantar na aje ta kusa da kifin. Abin da na ce masa kawai shi ne, in dai asara ake tambaya, ni ba ɗalibi za su ɗauke ni ba, shugaban makarantar za su naɗa ni.

Bayan shekaru wani malamin jami'a da ke sayen albasa wurina ya maimaita ta. Shi ma ban riƙe ba, don mutumin da ke zaɓen albasa da girmanta ban cika ɗaukar shaidarsa ba. Sai shekaranjiya na sake jin ta, karo na uku, daga bakin da ba zan iya ajewa kusa da kifi ba. Zan gaya miki ko wane ne, amma sai na gama. Tsohuwar da ta rene ni ba ta taɓa faɗin inda gizo ya ɓuya a farkon tatsuniya ba.

Ga abin da na sani. Makarantar da kike nema, mai ba da digiri na biyu kan tafiyar da kasuwanci, ta fi son wanda ya yi shekara uku ko fiye yana aiki. Ke kuwa abin da ke hannunki shekarar bautar ƙasa ce, da wata takwas a kamfanin sayar da iri a Birnin Kebbi. Waɗanda za ki zauna layi ɗaya da su daga bankuna suke da manyan kamfanoni, sun daɗe suna ɗaura wa wuyansu ƙyalle. Kin auna kanki da su, kin ga mudunki bai cika ba. Sai kika je Jega wurin kawunki Bello, kika roƙe shi ya rubuta a takardar kamfanin motocinsa cewa kin yi shekara uku kina manajarsa, ya buga hatimi, ya aika wa makarantar kafin ranar da za su gana da ke. Sannan akwai wata tambaya a fom ɗin, kan kuskuren da kika taɓa yi a wurin aiki, kin bar gurbin ba ki rubuta komai ba, wai ba ki da abin faɗa.

Ban rubuto don in yi miki faɗa ba. Da faɗa nake so, da na yi shi jiya tuwo na gabanmu, ya fi sauƙi. Tsoron da ya kai ki Jega na san shi. Abin da ba ki sani ba shi ne, ba ke ce ta farko a gidanmu da ta nemi shaidar shekara uku wurin Bello ba.

Ina saurayi, aikina a kasuwar Jega ɗinkin bakin buhu ne da ɗauka. Kaka ɗaya tak na yi cikin albasa. A lokacin akwai Alhaji Ɗanjumma, Allah Ya jiƙansa, wanda in ya yi tari a rumfarsa sai farashi ya motsa. Yana neman wanda zai je ƙauye ya saya masa albasar ajiya, ya zuba ta a rudu, wato rumbun karan da muke ajiyar albasa, ya kula da ita har damina ta faɗi, lokacin da take daraja. Bello kuwa a rumfar ya tashi, Alhaji ya yarda da shi kamar ɗan cikinsa. Ni na matsa wa Bello ya kai ni wurin Alhaji. Kwana uku ina binsa har bakin rijiya, ina ce masa ai abu ne na zubawa da rufewa, mi ke da wuya a ciki? Ranar da ya kai ni, Alhaji bai ko dube ni ba, sai ya tambayi Bello ko na taɓa ajiya. Bello ya ce, "Alhaji, shekara uku shina yi a Sabiyal." Ni kuwa Sabiyal biki kawai ya taɓa kai ni.

Aka tura ni Jandutsi. Wani manomi a can ya nuna mini tsibi biyu. Ɗaya manya ne, jajaye, suna sheƙi kamar an shafa musu mai. Ɗaya kuma matsakaita, busassu, ɓawonsu na ƙara in ka taɓa. Ya tambaye ni wanne nake so. Wannan tambaya ita ce jarrabawar, ni ban sani ba. Ke kin san amsar tun kina shekara goma. Mai son nauyi a buhu yakan ci gaba da ban ruwa da taki har gab da cira, albasa ta kumbura, wuyanta ya yi kauri da danshi. Wannan ta kasuwar gobe ce, ba ta ajiya ba. Ta ajiya kuwa ana yanke mata ruwa ne, a bar lawashi ya kwanta da kansa, ta sha iska har wuya ya tsuke. Babban yatsa ɗaya a wuya ya isa ya gaya wa mutum gaskiya. Mai shekara uku a Sabiyal da ya danna. Ni na nuna manyan, ina ji a raina na yi wa baƙauye wayo. Ya dube ni, ya dubi albasar, ya ce Allah Ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mai tafiya yaƙi addu'a.

Na cika rudu biyu. Ba a yi kwana arba'in ba ƙuda suka riga ni sani. Baƙin ruwa na ɗiga ta ƙarƙashin kara, wari ya kai har masallacin unguwa, liman ya aiko a tambaya ko jaki ne ya mutu. Alhaji ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya danna wuyanta, ruwa ya biyo yatsansa, ya goge a jikin kara. Ni bai yi mini magana ba, don ni ba kowa ba ne. Sai ya juya ya dubi Bello.

"Shekara nawa ka ce?"

Ranar Bello ya bar rumfar da ya girma a cikinta. Ba wanda ya sake ɗaukar shaidarsa a kasuwar albasa. Ya koma bin manyan motoci, shekara shida yana kwana ƙarƙashinsu daga nan har Kurmi. Yanzu in ana taro yakan ce ni ne sanadin arzikinsa, a yi dariya, ni ma in yi. Amma ni na ga ƙafafunsa a waɗancan shekarun. Kuma duk da haka, da na nemi ƙanwarsa, shi ya tsaya aka ba ni. Ba mu taɓa gaya muku ba, ni don kunya, shi don mutunci.

Ki lura, Rabi, ƙaryar ta yi aiki. Wannan ne abin da ba a cika gaya wa yara ba. Ta buɗe mini ƙofa, ta raka ni har gaban tsibi biyu, sannan ta ja da baya ta bar ni ni kaɗai. Takardar Bello za ta iya kai ki cikin ɗakin nan mai sanyi, gaban mutum uku masu biro. Sai ɗayansu ya gyara tabarau ya ce, to manaja, ranar da motarku ta kife da kayan mutane a hanyar Kontagora, wa kika fara kira? Su ma suna da babban yatsa, sana'arsu ke nan, danna wuya. An kuma ce sukan bugo waya su tambayi wanda ya sa hannu. Turancin kawunki bai wuce na shingen 'yan sanda ba. Ki hango shi tsaye a gareji, waya a kunne, gumi na zuba, yana ƙoƙarin tuna shekarun da ba a yi ba. Tsufa ya zo masa. Ba shi da wasu shekara shida da zai ba gidanmu.

Kuskurena na biyu ya fi na farko tsawo, don shi shekara tara ya ci. Bayan ruɓewar nan na daina bi ta gaban rumfar Alhaji. In kasuwa ta kai ni wajen, sai in zagaya ta layin mahauta, har wani mahauci ya ɗauka ɗiyarsa nake nema, ya fara ƙara mini tsoka. Na koyi ajiya a wahale, wurin wannan tsoho da wancan, ina ɗauka ina kallo. Sai wata Juma'a sahu ya haɗa mu, kafaɗata a jikin tasa, ba hanyar gudu. Da aka sallame ya riƙe hannuna ya ce ya jira ni kaka mai zuwa, har ya ware mini rudu. Na ce Alhaji, ni da na yi maka ɓarna? Ya ce wanda ya ruɓar da rudu biyu ba zai sake sayen albasa mai ruwa ba har ya mutu, kuma irinsa yake nema. "Ni na ɗauki nauyin karatunka," in ji shi, "ka kwashe ilimin ka kai wa wasu."

Ranar na tuna Na-Allah, na ce anya mutumin nan ba ya haɗa gaskiya ɗaya cikin kowane kifi goma?

Don haka in kin faɗi gaskiya suka ce ki je ki dawo, to ki je ki dawo. Kada ki zagaya ta layin mahauta. Ki tambaye su da ladabi abin da ya gaza, ki rubuta, ki koma bakin aikinki ki ƙara shekara, ki sake buga ƙofar. Kuma kada ki zuba duk albasarki a rudu ɗaya. Makarantar kirki ba guda ba ce, kuma ke da kanki kin taɓa ce mini wasu sukan karɓi mai ƙarancin shekaru in sun ga abin da ya riƙe da hannunsa. Ki nemi waɗannan ma. Shekara ɗaya a wurinki yanzu dutse ce, na sani. Ni da na zubar da tara ina gaya miki ba ta kai nauyin da kike ji ba.

Na uku abin dariya ne, amma ya fi kama da ciwonki. Karon farko da na bi kayana zuwa Kurmi, na ari babbar riga wurin wani aboki, na zuba turare har direba ya buɗe gilashi. A lokacin na riga na iya aikin, yatsana ya waye. Amma ina ganin a babban gari ba a sauraren mai warin albasa. Akwai wata Bayarabiya, babbar 'yar kasuwa, Hausa a bakinta kamar a Jega aka yanke mata cibi. Ta zo ta tsaya kan buhunana ta tambaye ni daga wace fadama, kuma kwana nawa aka yanke ruwa kafin cira. Na san amsar, ni na tsaya aka cira. Amma rigar ta hana ni. Na gyara hannun riga na ce ai ni ba na shiga gona, yarana ke wannan. Ta dube ni tun daga hula har takalmi, ta ce to in yaran sun zo a kira ta. Ta wuce wurin wani mutumin Maiyama mai tsagaggen hannu da riga ɗaya, ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ta kwashe kayansa. Har ya rasu ita ke sayen albasarsa. Ni na dawo da ƙamshi.

Kin ga, a Jega na faɗi abin da ban sani ba, a Kurmi na ɓoye abin da na sani. Ke kuma kina shirin haɗa su biyun a fom ɗaya. Kina neman aron shekara uku a garejin da ba ki san sunan makanikensa ba, alhali kin tura aikinki na gaske ƙarƙashin gado don yana warin albasa.

Ko kin manta shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Sabiyal? Garin ya jira ni har ya rama. Ƙafa ta karye wuri biyu, na yi wata huɗu a hannun masu ɗori, ina ƙirga azarar ɗaki. Malaman jami'a na yajin aiki, kina gida, shekararki goma sha tara. Rudu uku cike, mata shida masu tsinta, ga dillalai sun ji ƙamshin gidan da ba namiji a tsaye. Ke kika riƙe. Ke kika fara bugawa Kurmi a waya ki ji yadda kasuwa ta kwana kafin a ɗaure buhu ɗaya, abin da ni ban taɓa yi ba. Ke kika tsara da motocin kawunki ranar da za a yi lodi. Dillali Ɗan'auta har yau in ya gan ni sai ya tambaya ko lauyar tana gida, kafin ya zauna.

Kuma ke kika sallami Iya Tumba, tsohuwar cikin masu tsintar. Kin tsaya da littafinki kin ga sauran mata suna tsince kwando huɗu, ita tana kan ɗaya, tana ɗaukar kowace ƙwaya tana kai ta hanci kamar mai gaisawa da jika. Kika ce ta huta. Tsohuwa ta ɗaure zanenta ta koma Andarai, can wajen Maiyama, wurin ɗiyarta. Aiki ya yi sauri, kina murna. Bayan mako biyu ruɓa ta tashi daga tsakiyar rudun da ke gindin tsamiya, inda ido ba ya kaiwa, kafin a farga rabi ya tafi. Innarki ta ce mini kin yi kuka a bayan ɗaki, sannan kika wanke fuska kika nemi motar Maiyama. Ba wanda ya aike ki. Tumba ta bar ki durƙushe tana daka har aka kira azahar, sannan ta aje taɓarya ta ce, "Ke 'yar boko, kin ƙirga hannuna, ba ki ƙirga hancina ba."

Kika dawo da ita a gaban mota, ke a baya. Ba ki mayar da ita kan kwando ba. Kika ce kowace safiya ita za ta fara zagaya rudu ita kaɗai tana shinshinawa, inda ta nuna da sanda nan masu saurin hannu za su tona. Rudu biyun da suka rage sun kai damina lafiya. Har yau haka muke yi, kuma gida uku a layinmu sun kwaikwaya, kowa ya nemo tsohuwarsa.

To, wai ke ce ba ki da kuskuren da za ki rubuta.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa ba ki ɗauki wannan a matsayin aiki ba, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba, don ni ce ta nuna. Ina kwance mutane na zuwa dubiya, suna cewa Malam, ɗiyarka ta yi abin da maza ba su yi ba. Ni kuma sai in kaɗa hannu in ce, "Yarinya dai ta ɗan taimaka." Wata rana na faɗe ta kina bayan zana da kwanon kunu. Na ji yadda kwanon ya taɓa ƙasa, ya fi na kullum ƙarfi. Al'adarmu ce, uba ba ya yabon ɗiyarsa a gaban mutane, kada baki ya kama ta. Na fake da wannan. Amma al'ada ba ta hana ni kiranki ɗaki bayan baƙi sun tafi ba. Gaskiyar ita ce na ji nauyin a ce mace 'yar sha tara ta tsare abin da ni na ruɓar ina da gemu. Na rage miki aikinki da bakina, kika yarda da ni, don ba ki saba jin ƙarya daga gare ni ba. Yanzu ga shi kina yawo Jega neman aron abin da kike da shi a gida. Wannan shi ne kuskurena na huɗu, kuma shi kaɗai ne har yanzu ake iya gyarawa.

Saboda haka na rubuta da hannuna, ki aje: ba taimako kika yi ba. Aiki kika yi, kin riƙe mutane, kin yi kuskure irin na shugaba, kin je da ƙafarki kin gyara. Ki yafe mini jinkirin.

Ki cika gurbin nan da labarin Tumba, yadda ya faru, ba gishiri. Kada ki fara da kare kanki, kada ki ce ai tsohuwar ce ba ta yi bayani ba. Ki ce na auna abin da ke da sauƙin aunawa, na kori abin da ban iya aunawa ba. In ba su san rudu ba, ki gaya musu gadon kara ne da jinka a sama, ki zana musu in ta kama. Mutanen da suka wuni suna jin labarin banki iri ɗaya, ina jin za su ɗaga kai in aka kawo musu tsohuwa mai sanda. Shaida kuma, shugabanki na kamfanin Birnin Kebbi ya rubuta wata takwas ɗinsa, wata takwas, kada ya ƙara ko kwana. Kawunki ya rubuta abin da ya gani da idonsa a waccan shekarar da duk hutun da ya biyo baya, don motocinsa ne suka ɗauki kayan, shi kika hana barcin rana da waya. Wannan takarda ko tsakar kasuwa aka tsayar da shi zai iya maimaita ta, da Turancin shinge ko babu.

In kin shiga gabansu kada ki haddace amsa kamar mai biya allo, ana ganewa. Abin da ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, sannan ki faɗi yadda za ki nemo. In suka ce shekarunki na aiki sun yi kaɗan, kada ki musa, sun yi kaɗan ɗin. Ki ce haka ne, ga abin da ke cikinsu. Ki sa tufafinki masu kyau, ban ce ki je da zanen tsinta ba, amma kada riga ta yi magana a madadinki.

Ba zan yi miki alkawarin za su ɗauke ki ba. Ban san mutanen nan ba, ban taɓa ganin ko ƙofar makarantarsu ba. Mai yiwuwa su saurare ki da kyau, su yi murmushi, su ɗauki mai shekara shida a banki. In haka ta faru zai yi ciwo, kuma ba zan ce miki kada ki yi kuka ba, bayan ɗaki na nan inda kika bar shi. Abin da na sani kawai shi ne abin da yatsana ya koya mini: ƙaramar albasa mai busasshen wuya tana kai damina, babba mai ruwa ba ta kaiwa. Mutane in suna zargin ɗa sukan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ni a kan wannan magana ɗaya roƙon Allah nake kada ki yi halina.

Innarki na gaishe ki, ta ce man shanun na cikin gwangwanin da ta naɗe da ɗankwali, rabi na gwaggonki ne da za ki sauka wurinta, kada ki isa Agege ki ce ya zube. Iya Tumba ta aiko a gaya miki wai in masu makarantar suna da hanci za su gane. Ki kira mu in kun sauka. Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko da garin bai tsaya ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya warware miki harshe a gaban masu tambaya. In akwai alheri a makarantar nan Allah Ya ba ki ita ta ƙofar gaba, in babu Ya musanya miki da wadda ta fi ta, Ya dawo mana da ke lafiya da fuskar da za ki iya duban kowa. Amin.

Ni ne mahaifinki,
daga Aliero.

Saura alkawarin da na ɗauka. Na san tun Maiyama kike zargin innarki. Ki wanke ta, ta riƙe miki sirri har ta rame. Shekaranjiya bayan la'asar wani ya zo daga Jega, ya zauna bisa tabarmata, aka kawo ruwa ya ƙi sha. Ya ciro takarda da hatimi daga aljihu ya aje tsakaninmu. Ya ce wai kin gaya masa makarantar na tambayar asarar da mutum ya tafka, kuma kin ce ke ba ki da ko ɗaya. Ya ce in kin bugo kin ce ya buga hatimin a kan shekara ukun, zai buga, don ɗiyar ƙanwarsa ce ke, kamar yadda ya taɓa tsaya wa ubanki. Sannan ya ce, "Amma ka gaya mata, wanga karon in aka tambaye ni shekara nawa, ina son in iya ɗaga kai."

Ya mayar da hatimin aljihu, ya ce wayarsa na kunne, yana jiranki. Shi ne ya gaya mini maganar makarantar karo na uku, kawunki Bello.